Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Ƙwadago Kan Halin Ma'aikatan Masana'antun Takarda

Mai girma Ministan Ƙwadago da Samar da Ayyuka,
Abuja.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, da fatan alheri gare ka da ma'aikatan ofishinka, na rubuto wannan wasiƙa ne a madadin mutanen da abincinsu ya rataya a kan injin takarda: masu tsayuwa gaban injin dare da rana, leburorin da ke sauke dilolin tsohon kwali daga tirela, dattawan da suka ƙarar da ƙarfinsu a wannan sana'a, da matan da ke dafa abinci a bakin geti suna ba da bashi zuwa ƙarshen wata. Ni haifaffen Jebba ne, can na yi wayo, daga baya kuma na yi shekaru ina aiki a wata masana'antar kwali a wani gari. Babu ƙungiyar da ta naɗa ni kakakinta. Abin da zan faɗa shi ne abin da muke faɗa wa junanmu a majalisa, a wurin suna da wurin ta'aziyya, kuma na ga lokaci ya yi da zai isa kunnen wanda doka ta ɗora wa alhakinsa.

Duk sanda farashin littafin rubutu ya tashi, iyaye suka fara kuka, sai a sake tado da maganar farfaɗo da masana'antun takarda na ƙasar nan. A kira taro, a yi lissafin dalolin da ke fita waje wajen sayo takarda, a faɗi yawan tan ɗin da za a iya samarwa a gida. Muna saurara, muna kuma jin daɗi, domin babu wanda ya kai mu son ganin hayaƙi na tashi. Sai dai a cikin duk wannan lissafi ana tsallake tambayar da ta fi damunmu: wanda zai tsaya gaban injin, da wane sharaɗi zai tsaya? Wa zai riƙe masa takardar shaidar ɗaukarsa aiki? Idan inji ya ci hannunsa, ƙofar wa zai ƙwanƙwasa? Wannan tambaya taka ce, ranka ya daɗe, tunda kundin tsarin mulki ya sa harkar ƙwadago da tsaron lafiyar ma'aikata a cikin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke da ikon yi wa doka. Gwamnan jiha ba zai iya amsa mana ita ba, balle shugaban ƙaramar hukuma.

Gwamnatin tarayya ta gina manyan masana'antun takarda guda uku. Ta Jebba a Jihar Kwara ita ce yayarsu, ta fara aiki a 1969, aka faɗaɗa ta a tsakiyar shekarun 1980 domin yin takarda mai ƙwari irin ta buhu da kwali. Ta Oku Iboku a Akwa Ibom an yi ta ne domin takardar jarida, ta fara a 1986. Ta Iwopin a Jihar Ogun, wadda aka nufa da takardar rubutu da ta buga littattafai, an kwashe shekaru ana gininta, kuma ba ta taɓa yin aiki yadda aka tsara mata ba. Dukkansu sun dogara da kayan waje: kullun itace mai dogon zare, wanda itacen malaina da aka daddasa ba ya bayarwa, da sinadarai, da kayan gyaran inji. Da aka shigo da tsarin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, naira ta faɗi, kuɗin waje ya yi wuya, injuna suka shiga tsayawa. Kafin shekarar 2000 ukun duk sun yi shiru. Daga baya hukumar sayar da kadarorin gwamnati, BPE, ta sayar da su ga 'yan kasuwa. Ta Jebba an sayar da ita a 2006, ta sake tashi a 2009, wannan karon da tsohon kwali da takardun da aka zubar take aiki. A yau mafi yawan takardar da ake yi a Najeriya ta wannan hanya ake yin ta, a masana'antun kwali da na takardar goge hannu da ke warwatse daga Legas da Ogun har Kano.

Wanda bai zauna a garin masana'anta ba yana iya ɗaukar rufewar inji a matsayin matsalar waɗanda ke karɓar albashi a ciki kawai. Mahaifina tela ne. Bai taɓa ƙetare getin masana'anta ba, amma da albashinta ya ciyar da mu ya tufatar da mu. Yana da littafin da yake rubuta bashin ɗinki, a ciki akwai Yarbawa da Nufawa da Hausawa da Ibo, ƙarshen wata kowa ya zo ya biya a soke sunansa. Shekarar da injin ya tsaya, littafin ya cika da sunayen da ba a soke ba, kuma bai bi kowa ba, domin ya san babu. Haka mahauci, haka mai hayar ɗaki, haka malamin makarantar allo da ake kai wa kuɗin Laraba. Jebba gari ne mai tarihi, jirgin ƙasa ya iso shi tun 1909, ga gada a kan Neja, ga madatsar wutar lantarki da aka buɗe a 1985, amma duk wannan bai hana samari watsewa ba, musamman da yake jirgin ƙasa ya ja baya, masana'antar sukari ta Bacita da ke maƙwabtaka ita ma ta durƙushe.

Dalilin da ya sa na kawo wannan shi ne a gane bambancin ma'aikacin irin wannan gari da na babban birni. A Kano, wanda aka kora a Sharaɗa yana iya gwada sa'arsa a Bompai ko Challawa. A garin da masana'anta ɗaya ce, babu geti na biyu. Matarsa a bakin wannan getin take sayar da abinci, ƙanensa a nan yake fatan a ɗauke shi, mai gidan da yake haya shi ma da wannan albashin yake lissafi. Mutumin da ke cikin wannan hali ba zai iya cewa "in ba ku gyara ba na tafi" ba, kuma mai masana'anta ya san haka. Abin da ya rage masa na kariya biyu ne tak, doka da ƙungiya. Dukansu a ƙarƙashin ma'aikatarka suke, dukansu kuma an bar su sun yi rauni.

Ban rubuto domin tuhumar wani kamfani da suna ba. Koke-koken da ke biye sun game sana'ar ne baki ɗaya, manyan masana'antu da ƙanana, kuma akwai masu masana'antun da ke ƙoƙarin yin daidai, waɗanda su ma rashin bin doka yana cutar da su, tunda wanda ya tauye ma'aikatansa kwalinsa ya fi araha a kasuwa.

Babban kukanmu shi ne aikin wucin gadi da ba ya ƙarewa. Dokar Ƙwadago, wadda asalinta ta 1974 ce, ta ce a sashe na 7 dole mai aiki ya ba ma'aikaci rubutacciyar takarda mai bayyana sharuɗɗan aikinsa kafin ya wuce wata uku da farawa. Sashe na 11 kuma ya tsara wa'adin sallama: wanda bai wuce wata uku ba, sanarwar kwana ɗaya ta ishe shi, daga nan zuwa shekara biyu, mako guda, har zuwa wata guda ga wanda ya kai shekara biyar. An rubuta wannan ne domin ma'aikaci ya riƙa samun ƙarin kariya gwargwadon daɗewarsa. Abin da ake yi a ƙasa shi ne a sallami mutum kafin wata ukun ya cika, ya huta 'yan kwanaki, a sake ɗaukarsa a matsayin sabo. Ko kuma a miƙa shi ga ɗan kwangila mai kawo leburori, ta yadda a takarda masana'antar ba ta san shi ba, alhali kullum a cikinta yake wuni, foman ɗinta ne ke ba shi umarni, injinta yake gyarawa. Akwai mutanen da suka yi furfura a haka. Sun san injin fiye da injiniyan da aka kawo daga waje, da kunne suke gane takarda za ta tsinke kafin ta tsinke, amma har yau da asuba suke taruwa a bakin geti suna jiran heluma ya nuna su da yatsa.

Ga abin da rashin wannan takarda ɗaya ke jawowa. Doka ta ba ma'aikaci hutun shekara na akalla kwana shida na aiki bayan wata goma sha biyu, da hutun rashin lafiya har kwana goma sha biyu da albashi; wanda kullum "sabo" ne ba ya kaiwa ga ko ɗaya. Zazzaɓi ya kwantar da shi, kuɗin ranar ya tafi, wani lokaci har gurbin. Ba ya iya karɓar rance a banki domin ba shi da shaidar albashi. Ba ya iya tsara karatun 'ya'yansa na zango mai zuwa. Idan rigima ta kai gaban alƙali, abu na farko da za a tambaye shi shi ne shaidar cewa ya taɓa aiki a wurin, kuma babu abin da zai nuna sai kanta a tafin hannu. Ma'aikatarka ce ke ba kamfanonin kawo leburori lasisi. Ta kuma san wannan matsala sarai, domin a 2011 ta fitar da ƙa'idojin aikin kwangila na ɓangaren man fetur da iskar gas, daga baya ta yi wa bankuna irinsu. Ma'aikacin mai yana da ƙungiyoyin da in suka yi tari ƙasa ke girgiza, shi ya sa aka ji shi. Mai haɗa kwali ba shi da wannan murya, amma cutar iri ɗaya ce.

Kuka na biyu shi ne haɗari. Ina roƙon a yi haƙuri in ɗan bayyana aikin, domin mutane da yawa suna ganin takarda abu ce mai laushi, suna zaton yin ta ma haka yake. Ana zuba dilolin tsohon kwali a cikin wata ƙatuwar tukunya mai wuƙaƙe a ƙasa, ta dama su da ruwa har su zama kullu. A tace ƙusoshi da roba da waya. Kullun ya bazu a kan raga mai gudu, ruwa ya tsiyaye, ya shiga tsakanin manyan ƙarafa masu juyawa su matse shi, sannan ya bi ta kan jerin gangunan ƙarfe da tururi ke zafafawa daga ciki har ya bushe, a naɗe shi a ƙarshe ya zama dunƙule mai nauyin da sai da ƙugiya ake ɗaga shi. Injin ba ya kwana, domin kashe shi da sake tayar da shi asara ce babba. A kowane mataki akwai abin da ke iya kashe mutum: faɗawa cikin tukunyar damu, shiga tankin da iskarsa ta gurɓata domin wanke shi, fashewar bututun tururi, soda mai cin fata da makantar da ido, wayar ɗaurin dila da ke tsinkewa ta zabgi fuska, gobara a rumbun da aka jibge busasshen kwali. Ƙarar inji kuwa a hankali take cin kunne. Duk wanda ya zauna da tsofaffin ma'aikata ya san sai an ɗaga murya suke ji.

Lokacin da ya fi kowane haɗari shi ne sanda takarda ta tsinke. Injin na ci gaba da gudu, kowane minti asara ne, foman na ihu, sai a yi rige-rigen mayar da bakin takardar tsakanin ƙarafan. A masana'antar da na yi aiki, wadda ba zan kama sunanta ba, a irin wannan lokaci ne cikin dare wani saurayi da ke kusa da ni ya kai hannu domin ture takardar da ta cushe. Shingen da ya kamata ya kare wurin an cire shi tun wani gyara da aka yi, ba a mayar ba saboda yana rage sauri. Kafin a kai ga maɓallin kashewa yatsunsa sun tafi. An ɗauke shi zuwa asibiti, ɗan kwangila ya biya kuɗin ɗinki, ya ba shi ɗan abin da ba zai kai shi wata biyu ba, maganar ta mutu a nan. Babu rahoton da aka kai ko'ina, domin a rubuce yaron ba ma'aikacin wurin ba ne. Da na sake ganinsa, gadi yake yi, yana ɓoye hannun a cikin riga idan zai gaisa da mutane.

Dokar Masana'antu ta 1987 ta hana duk wannan. Ta wajabta killace wuraren haɗari na inji, ta wajabta duba tukunyar tururi, ta ce duk haɗarin da ya kashe mutum ko ya hana shi aiki fiye da kwana uku dole a sanar da sufeto. Amma tarar da ke cikinta da nairar 1987 aka rubuta ta, yau ba ta kai kuɗin man motar manaja ba, kuma sufetocin sun yi kaɗan, a manyan birane suke zaune, galibi ba su da motar zuwa garuruwa irin namu. Idan sun zo, an san da zuwansu tun jiya: a share fili, a raba hular kwano da takalma, a karɓe bayan sun tafi. Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 81 kan binciken wuraren aiki tun 1960, ta sa a mai lamba 155 a 1994, ta ƙara da mai lamba 187 a 2022, waɗannan biyun kan lafiya da tsaron ma'aikata. Kudurin sabuwar dokar lafiya da tsaron ma'aikata kuwa ya kwashe shekaru yana kai-kawo. Ba mu manta da gobarar masana'antar roba ta Ikorodu a watan Satumban 2002 ba, inda ma'aikatan dare da dama suka ƙone, rahotanni kuma suka nuna ƙofofi a kulle suke. Ba mu manta da masana'antar shinkafar nan ta Kano ba, inda a watan Yunin 2020 'yan sanda suka fito da ma'aikata fiye da ɗari da aka tsare a ciki wata da watanni lokacin korona. A duka biyun hukuma ta iso ne bayan abin ya faru. Rumbun kwali ya fi rumbun shinkafa saurin kama wuta nesa ba kusa ba.

Tsawon lokacin aiki yana cikin wannan haɗari. Injin da ba ya tsayawa a da rukuni uku ke juya shi, kowa awa takwas. Yanzu a wurare da yawa an mayar da shi rukuni biyu, awa goma sha biyu a tsaye cikin zafi da ƙara, kuma ba kullum ake biyan kuɗin ƙarin lokaci ba. Mutumin da ke cikin awarsa ta goma sha ɗaya da ƙarfe huɗu na asuba shi ne wanda ke kai hannu inda bai kamata ba.

Na uku, diyya da fansho. A nan dokokin masu kyau ne, kuma ina yaba wa waɗanda suka yi su. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ce mai aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashin wata a asusun hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF, kuma ta ambaci ma'aikacin wucin gadi ƙarara a cikin waɗanda ta rufe. Ma'aikaci ya sanar da mai aiki cikin kwana 14, mai aiki ya kai rahoto cikin kwana 7. Dokar Fansho ta 2014 ta ce mai aiki ya zuba kashi 10, ma'aikaci kashi 8, sannan a yi masa inshorar rai da ta kai ninki uku na albashinsa na shekara. Matsalar ita ce duk waɗannan hanyoyi ta hannun mai aiki suke bi. Wanda ba a rubuta sunansa ba, ba a zuba masa komai ba. Wasu kuma ana cire musu kashi 8 ɗin kowane wata, sai ranar da suka je duba asusu su tarar wayam. Yawancin leburori ba su ma taɓa jin sunan NSITF ba, kuma babu wanda ke da riba a cikin sanar da su.

Na huɗu, ƙungiya. Sashe na 40 na kundin tsarin mulki ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiyar ƙwadago, Dokar Ƙwadago kuma ta hana a kori mutum ko a sa masa sharaɗi saboda ƙungiya. Akwai ƙungiyar ma'aikatan ɗab'i da wallafa da kayan takarda ta ƙasa, NUPPPPROW, a ƙarƙashin uwar ƙungiyar ƙwadago ta NLC. Amma ba sai an kori lebura ba kafin a hukunta shi. Ya isa heluma ya tsallake shi gobe a bakin geti, da jibi, da gata, kowa ya gane saƙon. A ƙaramin gari inda kowa ya san gidan kowa, taron mutum biyar a ƙarƙashin bishiya kafin magariba labarinsa ya kai ofis. Har wa yau akan raba kan ma'aikata ta hanyar ba wata ƙabila aikin kula, wata aikin dako, a bar su suna zargin juna. Ina ganin masu masana'antu suna cutar kansu da wannan. Wurin da babu wakilin da zai zauna da manaja a yi magana, ƙorafi ba ya ɓacewa, taruwa yake yi har ranar da za a wayi gari an tare geti, an kira 'yan sanda, an rasa da wa za a sasanta. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ta samu cikakken matsayi tun gyaran kundin tsarin mulki na 2010, kuma ta yi hukunce-hukunce masu amfani, sai dai wanda ke cin abin da ya samu a ranar ba shi da kuɗin mota zuwa babban birnin jiha, balle na lauya.

Albashi ba zan tsawaita a kansa ba, kowa ya san kuɗin mudun shinkafa. An sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a watan Yulin 2024. Amma dokar ta keɓe wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, da masu aikin da ake biya gwargwadon abin da suka yi. Ta wannan kafa ake zurarewa: a rarraba leburori a hannun 'yan kwangila da yawa, kowanne da 'yan mutanensa, ko a ce dila nawa ka sauke, ga kuɗinka.

Akwai kuma waɗanda ba sa cikin lissafin kowa, alhali ba don su ba da injunan yau ba su sami abin damawa ba: 'yan jari bola da ke bin kasuwanni da unguwanni a Legas da Ibadan da Abuja da Kano suna tara kwali, yawancinsu yaranmu ne daga Arewa. Da hannu tsirara suke tonon shara, a kan sikelin mai saye ake auna musu, shi ke yanka farashi. A Janairun 2025 hukumar Abuja ta hana su yawo a cikin birni saboda satar ƙarafan gwamnati. Ɓarawo a hukunta shi, babu mai jayayya. Amma mai tara kwali da gaskiya yana ciyar da wata masana'anta ne, ya cancanci rajista da katin shaida da wurin da zai kai kayansa ba tare da tsoro ba.

Ga abin da muke roƙo, ranka ya daɗe.

A aika sufetoci zuwa kowace masana'antar takarda da kwali a ƙasar nan ba tare da sanarwa ba, kuma a haɗa da ziyarar dare, domin da dare ne ake ganin gaskiyar wuri. Su ƙirga mutanen da suka tarar a bakin aiki, su gwada da sunayen da ke rajistar albashi da ta NSITF da ta fansho. Su yi magana da leburori a keɓe, ba a gaban manaja ba. A wallafa abin da suka gano, da sunan wanda ya gyara da wanda ya ƙi. Garuruwan da suka dogara da masana'anta ɗaya a ba su jami'in ƙwadago da ke da ranar zama sananniya a cikin garin, ko da sau ɗaya ne a wata.

A fitar wa ɓangaren masana'antu ƙa'idojin aikin kwangila kamar yadda aka yi wa na mai da na banki. A ciki a bayyana cewa aikin da injin ba ya tafiya sai da shi ba aikin wucin gadi ba ne, a riƙa haɗa watannin da mutum ya yi ko da an yanyanka su, sannan masana'antar da aka yi aiki a cikinta ta ɗauki alhakin albashi da diyya da fansho tare da ɗan kwangilar, kowannensu a iya bin sa. Ɗan kwangilar da aka kama yana cin haƙƙin leburori a karɓe lasisinsa, tunda a hannunka yake.

Ka tsaya da kanka a gaban majalisa har sabuwar dokar tsaron lafiyar ma'aikata da gyaran Dokar Ƙwadago su kai ga sa hannun shugaban ƙasa, da tarar da za ta sa mai masana'anta ya ga mayar da shingen inji ya fi masa sauƙi.

A buɗe hanyar da ma'aikaci ko iyalinsa za su kai rahoton haɗari kai tsaye ga NSITF ta waya, ba tare da jiran mai aiki ba, a kuma yi shelar haka a rediyo da Hausa da Yarbanci da Nufanci da Ibibiyo da sauran harsunan da leburori ke ji. Asibitocin da ke kusa da masana'antu su ma a ba su damar sanar da duk raunin inji da aka kawo musu.

Duk wani tallafi da gwamnati za ta ba wannan sana'a, rangwamen haraji ne, rance mai sauƙi ne, ko ƙarin kuɗin fito a kan takardar waje, a ɗaure shi da sharaɗin shaidar biyan fansho da diyya da kuma amincewa da ƙungiya. Idan har za a koma ga noman rama domin samun dogon zaren da ya gagare mu a baya, wanda manoman Arewa za su yi maraba da shi, to manomin ma a rubuta masa yarjejeniyar saye da farashi tun kafin ya shuka. Ma'aikatarka ta nemi kujera a duk teburin da ake wannan magana, tare da ma'aikatar masana'antu da hukumar BPE, kuma ta zo da wakilan ma'aikata.

Na ƙarshe ya shafi ranar da ba ma fata. Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ya ce idan za a rage ma'aikata a sanar da ƙungiya, a tattauna kuɗin sallama. Wannan ya yi kaɗan ga garin da rufewar inji ɗaya ke taɓa kowane gida. Muna roƙon a wajabta sanarwa ta watanni kafin rufe irin wannan masana'anta, a sa haƙƙin ma'aikata a gaba idan za a raba kadara ko a sayar, a kuma tanadi asusun da ba ya hannun kamfanin, wanda kuɗin sallama zai fito daga ciki ko da kamfanin ya karye.

Ga shugabannin NLC da na ƙungiyar wannan sana'a, waɗanda na san za su ga wasiƙar nan: leburan bakin geti ba ya biyan kuɗin ƙungiya, amma shi ne ya fi kowa buƙatarku, ku sauko ku yi masa rajista. Kai kuma, ranka ya daɗe, muna gayyatarka ka zo da kanka, ko ka turo babban sakatare, ku zauna da ma'aikata da tsofaffin ma'aikata a Jebba, a Iwopin, a Oku Iboku, ku ji daga bakinsu. Muna sa ran amsa a rubuce, a bainar jama'a kamar yadda muka rubuto, mai ɗauke da ranar da binciken farko zai fara.

Allah ya taimake ka a kan wannan nauyi.

Naka cikin girmamawa,
Tsohon ma'aikacin masana'antar kwali, ɗan Jebba,
a madadin abokan aikinsa da iyalansu.